Minti Tara

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Lugbe ta kashe fitilunta, ko dai an kashe mata.
Janareto na tari a bayan katanga,
ni da Nanret mun tasa allo a gaba
kamar masu zaman jiran naƙuda.

A waje babban faifan ƙarfe ya karkata wuya
a hankali, kamar tsohuwa mai kunne ɗaya
tana laluben ta inda sallama za ta fito.

Hassan muke ce masa.
Shekara bakwai maƙera suka yanka masa,
bana yana cikin ta sha ɗaya,
yana kewaya duniya bai taɓa neman hutu ba.
Husaini na ɗakin gwaji, cikin gilashi:
ƙira ɗaya, wayoyi ɗaya,
sai dai shi tun da aka sauke shi bai bar Abuja ba.
Duk maganin da za mu aika sama
shi ke fara kurɓa.
Wata uku ina yi masa ɗure
da layin umarni arba'in da biyu,
sau shida yana suma a hannuna,
sau shida ina gogewa, ina sakewa.

Ciwon Hassan na batir ne.
Da ya faɗa inuwar duniya sai sanyi ya kama shi,
numfashinsa ya yi ƙasa,
lambobi su riƙa zubewa kamar haƙoran tsoho.

Babana, a rumfarsa ta Dilimi can Jos,
yakan lashi batir ya faɗa maka sauran kwanansa.
Ƙamshin dalma a rigarsa,
rediyon mutane jibge har rufi.
Ni kuwa kilomita ɗari bakwai ne
tsakanin harshena da majinyacina.
An ce gani ya kori ji;
a namu aikin, Baba, ji ne ya kori gani.
Ban taɓa sa shi a ido ba.

Biyu da ashirin da shida. Ya leƙo ta arewa.
Wani siririn zare ya motsa a allo.
Nanret ta ajiye kofin shayi ba ta sha ba,
ta ce, “Minti tara gare ki, Tasalla.”

Na karanta layin farko a fili, ta amsa.
Na karanta na biyu.
Waƙafi ɗaya in ya ɓata
babu tsanin da zai kai mu,
babu wanda za a aika da sukundireba.
Yatsana ya tsaya a kan maɓalli,
na yi bisimilla, ita ta yi tata addu'ar,
na danna.

Shiru.
Har ƙadangaren da ke silin na ji tafiyarsa.

Minti huɗu. Biyar.
Faifai na bin sa kudu, wuya na ƙara lanƙwasa.
A na bakwai lamba ta dawo, guda ɗaya tak:
ashirin da takwas da ɗigo ɗaya.
Jiya war haka ashirin da shida ne.

Ba mu yi guɗa ba.
Nanret ta rubuta a littafi, ta sa lokaci,
na sa hannu a ƙasa.
Ya nutse bayan tsaunuka, ya tafi da maganinsa.

Da safe a motar Nyanya
wata mai kwandon tumatir ta dubi katin wuyana
ta ce, “Ku ne masu zuwa wata?”
Na ce a'a, Inna, mu masu jinya ne.
Ban gaya mata in damina ta yi nauyi
shi zai hango Binuwai tana kumbura
kafin ta kai bakin gonar ɗanta ba.
Ta gyara kwandonta a kan ƙafata,
barci ya ɗauke ni tun kafin mu kai Area Wan.